Zara da Wata a Lungun Asawase

Ranar Juma'a na sauka Asawase, a cikin keken nan mai ƙafa uku da mutanen Kumasi ke kira Pragya. An taso daga Babban Masallacin Kumasi, wanda aka yi wa gagarumin gyara aka sake buɗe shi a 2023, titi ya cika maƙil. Hausa ta ko'ina, sai dai Hausa ce da ta sha ruwan Asante. Ƙamshin wake da shinkafa ya so ya tsayar da ni, amma lefen ƙanen mai masaukina aka ce in zo in gani.

A tsakar wani gidan haya mai ɗakuna a jere aka buɗe akwatunan. Gwaggon ango tana ɗaga zannuwa ɗaya bayan ɗaya, mata na kiran sunan kowanne. A Gana atamfa ba ta rasa suna. Akwai "Obaa pa", wato mace tagari. Akwai mai tsuntsaye a sama, "Sika wo antaban", kuɗi na da fiffike, wadda aka yi ta wa ango tsiya a kanta. Kunya ta ɗaure bakin saurayi a gaban surukai, sai turmin zane ya yi masa magana.

Wani farin yadi ne ya riƙe ni. Jinjirin wata ne da tauraruwa a cikinsa, an jera su layi-layi. Na ɗauka alamar Musulunci ce, har na faɗa. Gwaggo ta yi dariya ta ce, "A'a ɗana, na Asante ne wannan." Sunansa Osram ne Nsoromma, cikin alamomin adinkra, yana nufin amanar da ke tsakanin miji da mata: tauraruwa tana jiran dawowar wata. Mu ma ai Zara matar wata muke cewa, ba tun yau ba.

Gidan adinkra shi ne Ntonso, a hanyar Mampong. Can ake sassaƙa hatimi da sakaina, a dafa ɓawon itacen badie har ya yi baƙi ƙirin, a riƙa dangwala wa yadi. A da galibi zanen makoki ne. Yanzu ga shi cikin kayan aure.

Na tuna masu sassaƙar duma na Cochas, kusa da Huancayo a ƙasar Peru, waɗanda kan zana saurayi da budurwa ƙuru-ƙuru, daga filin rawa har ranar biki. A lefen Asawase ban ga fuskar kowa ba, kuma wannan ya fi kwanta mini.

Amarya dai tana ɗaki, hannuwa cikin lalle, ba ta fito ba. Ƙanwarta ce ta leƙo ta zare farin yadin, ta ruga da shi ciki.