Ranar Da Na Raka Ƙanena Taron Anime A Jalan Semarak

Duk wanda ya zauna a wannan yanki na Kuala Lumpur ya san titin nan suna biyu gare shi. A allon hukuma Jalan Sultan Yahya Petra aka rubuta, tun da aka sauya sunan a 2014, amma direban tasi da mai shayi har gobe Jalan Semarak suke cewa. Titi ne na masu sammako: ga makarantar horar da 'yan sanda ta Pulapol, ga harabar jami'ar UTM, ga ofishin safiyo da taswira na ƙasa, a bayansu kuma unguwar Datuk Keramat da rumfunan abincinta. In ka ɗaga kai, tagwayen benayen Petronas ne ke leƙo ka. Shekara uku ina bin titin nan, ban taɓa kawowa a raina cewa wata Asabar zan yi awa biyu a layi kusa da shi ba, gabana wani saurayi da takobin kwali, bayana wata budurwa da kunnuwan kyanwa a saman hijabi.

Ƙanena ne ya ja ni. Ba ciki ɗaya muka fito ba, ɗan maƙwabtanmu ne a Kano. Ranar da zai taso mahaifiyarsa ta kira ni a waya ta ce, "Ga amana nan na ba ka." Yaron Allah Ya ba shi hannun zane, kuma ya mutu a kan katun ɗin Japan da ake kira anime. Da ya ga tallar wani ƙaramin taron masoya anime da za a yi a wani zauren haya kusa da titinmu, bai yi shawara da kowa ba ya biya kuɗin teburi, wai zai baje zane-zanensa ya sayar.

Tun kafin ranar ta zo abin ya fara wari. Sau biyu ana ɗaga ranar. An sauya zaure ba a faɗi dalili ba. Kuɗin tikiti a asusun wani mutum ɗaya ake zubawa, babu rasit. Tallar ta yi alƙawarin manyan baƙi daga Japan, amma babu sunan ko ɗaya. Da zancen ya shiga zauren WhatsApp na ɗalibanmu, sai gardama ta kauce hanya. Wani ya ce wasan yara ne, ba shi ya kawo mu Maleshiya ba. Wani ya ce shigar aljanu ce kawai. Wata 'yar Zariya ta tambaye shi ko a garinsu ba a yin tashe, inda yaro kan manna gemun auduga ya zama tsoho, kowa ya yi dariya ya ba shi sadaka. Ni dai na yi shiru, domin na tuna yadda muke rige-rigen zama gaban talabijin in NTA ta sa Voltron, wanda shi ma asalinsa daga Japan ne.

Abin da ya hana ni barci daban ne. A watan Maris na 2019 jami'an shige da fice sun kai samame wani taro mai suna Cosplay Festival 4 a wani otal a nan Kuala Lumpur. Sun tafi da mutum sama da 10, cikinsu har da Japanawa 5, da 'yan Singafo da Tailan. Takardar ziyara suka shigo da ita, alhali a ƙasar nan baƙon da zai hau dandamali sai an nema masa izini ta hannun hukumar Puspal, kuma mai shirya taro ne ke nema. Mu ɗalibai ma da namu ƙa'idar. Takardar karatu ba ta ba ka damar kasa kaya ka sayar ba. Aikin da aka yarje maka bai wuce awa 20 a mako ba, shi ma a lokacin hutu, a wurare ƙididdigaggu irin su gidan abinci, gidan mai, ƙaramin kanti da otal, kuma sai da amincewar hukuma.

Na zaunar da shi na ce ya rubuta wa masu taron, ya tambaye su ko mai takardar karatu zai iya riƙe teburi. Amsar da ta dawo ba ta wuce "ba matsala" ba, da hoton fuska mai murmushi. Ya ce, "Yaya, ka gani, sun ce ba komai." Na ce, "In matsalar ta zo, fasfo ɗin wa za a karɓa, naka ko nasu?" Kwana biyu ba ya yi mini magana sai gaisuwa. A rana ta uku ya janye daga teburin. Kuɗin bai dawo ba. Don in rage masa zafi na sayi tikiti biyu na 'yan kallo, na ce tare za mu je.

An ce ƙarfe goma za a buɗe ƙofa, sai wajen sha biyu aka buɗe. Yarinya ɗaya ce ke duba tikitin kowa da wayarta, cajin wayar kuma na ƙarewa. Zafin Kuala Lumpur ba irin na Kano ba ne, jiƙa mutum yake yi, sai ga kwalliyar da aka kwana ana yi tana narkewa a fuskoki. Da muka shiga, na'urar sanyaya ɗaki ta gaza da yawan jama'a. An ba masu zane biyu lambar teburi ɗaya, suka raba shi da tsawon hannu. Lasifika na ƙara kamar ta mai tallar magani a kasuwa. Can da azahar aka sanar cewa baƙin Japan ba za su samu zuwa ba. Zauren ya ɗauki ihu, ni kuwa a zuciyata hamdala na yi musu. Da muka nemi wurin salla babu mai amsa, sai wani ɗan Malay sanye da alkyabbar wani jarumin katun ya ja mu zuwa wani ɗan ɗaki a ƙasan bene, ya tuɓe alkyabbar ya ninke, ya ja mu salla.

Ba zan ce ban ga abin sha'awa ba. Na ga rigar yaƙi da aka yi da katifar soso da gam, mai ita ya ce wata biyu ya yi yana haɗawa. Na ga 'yan mata da suka mayar da hijabi gashin jarumar da suke kwaikwayo, ba su bar ko sili ɗaya a waje ba. Na kuma ga yarinyar nan mai duba tikiti a bayan labule tana kuka. Ɗaliba ce, sa kai ta yi, ko kuɗin mota ba a ba ta ba, kuma ita ce kowa ya zazzage wa fushinsa tun safe.

Wajen la'asar, ruwa na zuba kamar da bakin ƙwarya, sai raɗe-raɗi ya bi zauren cewa wata farar mota ta tsaya a ƙofa, wai jami'an shige da fice ne. Na juya na dubi ƙanena. Hannunsa na cikin aljihu yana laluben katin shaidarsa na ɗalibi, leɓensa ya bushe. Ba abin da ya yi, tikitin kallo ne a hannunsa, amma jikinsa rawa yake. Ashe motar masu kawo abinci ce. 'Yan ƙasa suka fashe da dariya, wasu har da ɗaukar hoto. Mu da wasu 'yan Indunusiya biyu da ke kusa da mu ba mu yi dariya ba. Hausawa na cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a irin wannan taro ruwan baƙo yake fara duka.

Mako guda ana tafka rigima bayan taron. Wasu na neman a mayar musu da kuɗinsu, wasu na cewa a yi wa yaran uzuri, karon farko ne. Masu shiryawa suka fitar da takardar ban haƙuri, ba ta ambaci kuɗi ba. Masu uzurin suna da abin kamawa. Comiket ta Tokyo, wadda yau dubban ɗaruruwa ke halarta, a 1975 ta fara da mahalarta kusan 700. Comic Fiesta ta nan Maleshiya a 2002 ta fara a matsayin ƙaramin taron masoya, kafin ta kai ga cika babban zauren taro na KLCC. Farawa da kaɗan ba abin kunya ba ne. Inda na saɓa da su shi ne, wanda ya karɓi kuɗin mutane, ya yi alƙawarin baƙin da bai nema wa izini ba, ya ce wa ɗalibi baƙo "ba matsala" alhali bai bincika ba, ya wuce a kira abin da ya yi rashin ƙwarewa. Ya jefa zaman wani cikin haɗari ne.

Don haka ɗan'uwa, ko taron katun ne, ko bikin al'adu, ko kasuwar ɗalibai, kafin ka kasa kaya ko ka hau dandamali, tambayi sunan ƙungiyar da ta shirya, ka nemi rasit, ka kuma je ofishin ɗaliban waje na makarantarku su ba ka amsa a rubuce. Zuwa kallo daban, sa hannu daban.

Da ruwan ya tsagaita muka tako zuwa wata rumfar shayi a bakin Jalan Semarak. Na sa aka kawo mana teh tarik da roti canai. Ƙanena ya zaro biro ya zana yarinyar mai duba tikiti a bayan takardar lissafi, ya ɗora mata fukafukai da takobi. Ya ce in ya kammala karatu, a Kano zai shirya nasa taron. Na tambaye shi me zai fara tanada. Ya ɗan yi tunani ya ce, "Janareto, Yaya. Sai kuma mutum huɗu a ƙofa." A daren mahaifiyarsa ta kira tana tambayar ya yaron yake. Na ce mata lafiya lau, yana nan yana ta zane.