Ranar da aka karanta wa Malam ta'aziyya

Muna aji biyar a sakandare a Ribah malaminmu na Hausa ya rasu. Jinyar kwana huɗu ya yi. Abin da muka fi saninsa da shi shi ne farin alli a hannun riga, da wani littafin rubutu mai shuɗin bango da ba ya rabuwa da shi. Mun san yana rubuta waƙa, domin idan darasi ya ƙare da sauran lokaci, yakan buɗe littafin ya rera mana baiti biyu ko uku. Mu kuwa idonmu na ƙofa, muna jiran a kaɗa ƙararrawa. Babu daɗin faɗa, amma haka muka yi.

Bayan sadakar bakwai sai ga wani dattijo daga Zuru a kan kabu-kabu, ƙura ta yi masa furfura ta biyu. Ya nemi izini ya yi magana a taron safe. Ashe shekara talatin suna musayar waƙa da Malam ta wasiƙa: ɗaya ya rubuta, ɗayan ya mayar masa da amsa da kari iri ɗaya da amsa-amo iri ɗaya. Ya ce mana, "'Ya'yana, wannan karon ba ni da inda zan aika, shi ya sa na kawo muku."

Da ya fara sai jikinmu ya yi sanyi, tun kafin mu kama ma'anar kalmomin. Karin da Malam yake rera mana ne, wanda muke yi wa kunnen ƙashi. Aro ya yi da gangan. Ga muryar baƙo, ga tafiyar waƙar malaminmu.

Kuma bai mai da shi waliyyi ba. Ya ambaci saurin fushinsa, da tsohon kekensa, da gonar dawarsa da ba ta taɓa cika rumbu ba. Har dariya ta kuɓuce wa wasunmu. Sai ya iso baitin da yake cewa akwai wasiƙar Malam ta ƙarshe da ya yi ta jinkirin amsawa har damina ta wuce. Nan ya tsaya. Takardar tana rawa a hannunsa. Ɗalibai ɗari da wani abu, Musulmi da Kirista, masu jin Hausa tun daga nono da waɗanda C'lela ce harshen gidansu, babu wanda ya yi ko tari. Da ƙyar ya ci gaba, ya rufe da salati da addu'a, ya naɗe takardarsa ya tafi. Ko ɗaya daga cikinmu bai yi tunanin roƙonsa ya bar mana ita mu kwafa ba.

Sai da mu uku daga wannan aji muka shiga jami'a a Sakkwato muka gane tsohuwar hanya dattijon nan ya biyo. A 1829 Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rasu. Kabarinsa na Gwandu, nan cikin jiharmu ta Kebbi. Shi kansa marubucin waƙa ne, ya tara waƙoƙinsa na Larabci a littafin Tazyinul Waraƙat, kuma a ciki akwai waɗanda ya yi wa abokansa da suka riga shi. Da ya rasu, Nana Asma'u, 'yar yayansa Shehu Usmanu, ta yi masa ta'aziyya da Fulatanci. Da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu a 1837, shi ma ta yi masa. Waƙoƙin Asma'u don baki da kunne aka yi su: jajis ɗinta na 'yan taru sukan haddace na karantarwa su kai wa mata a ƙauyuka. Amma muryoyin nan duk sun tafi. Abin da ya sa har yau muke karanta ta shi ne an samu masu kwafa, gidan Waziri a Sakkwato ya adana takardun, sannan Jean Boyd da Beverly Mack suka tattara su suka buga a 1997.

A nan kunya ta kama mu. Wa ya kwafa na Malam?

Da hutu ya zo muka je gidansa. Matarsa ta shimfiɗa mana tabarma, muka ce, "Inna, littafin Malam muka zo nema." Ta daɗe a ɗaki, sannan ta fito da shi daga ƙasan akwati. Gara ta cinye rabin kowane shafi ta gefe, daidai inda amsa-amo yake zama. Baitocin suna farawa ba sa ƙarewa. Ta ce, "Da kun zo bara."

Washegari muka hau mota zuwa Zuru. Mun tarar da dattijon a zaure, yanar ido ta rufe masa gani. Wasiƙun Malam suna nan cikin leda, guda sittin da biyu, ya ba mu muka ɗauki hotonsu da waya. Takardar ta'aziyyar kam ta ɓace, sai dai tana kansa. Muka kunna rikoda ya rera, ɗayanmu yana rubutawa, yana tsayar da shi idan kalma ta wuce shi. Da ya zo baitin wasiƙar nan ya sake tsayawa kamar wancan karon. Muka jira.

Ya ce, "Kun kashe abin?"

Muka ce, "A'a, Baba, yana ɗauka."

Ya ce, "To ku bar shi ya ɗauka."

Yanzu mun kwafe wasiƙa ashirin da uku. Sauran muna jiran hutun ƙarshen zango.