Ƙauyuka huɗun da bai je ba

'Yan'uwa, shekara shida muna addu'a da wani ɗan zumuntarmu mai karatun digiri na uku a Sakkwato. Bincikensa kan manoman dawa da gero ne a yankin Rawayya, ƙaramar hukumar Bungudu. Yajin aikin malaman jami'o'i na 2022 ya ci masa wata takwas. Sannan rashin tsaro ya hana shi shiga ƙauyuka huɗu cikin goma da ya tsara.

Mu faɗi gaskiya, cikinmu ne aka ba shi shawara ya zauna a ɗaki a Gusau ya cike takardun tambayoyin da hannunsa. Wa zai bi sawu? Ya ƙi. Ya rubuta a kundinsa cewa ƙauyuka shida ya samu zuwa, ya kuma bayyana dalili.

Mako biyu kafin ranar kare kundin, kullum bayan addu'ar yamma mukan zaunar da shi mu yi ta jefa masa tambayoyi kamar alƙalai. Ranar kuwa, farfesan da aka gayyato daga wata jami'a wannan giɓin ya fara taɓawa. Ɗan'uwanmu ya amsa ba rawar murya, domin babu abin da yake ɓoyewa. Aka amince da aikin, aka ba shi gyare-gyare.

Mu da muka ba da waccan shawara, kunya ta kama mu. Da ya saurare mu, da me zai tsaya a gabansu? Ubangiji ya gafarta mana.