Labarin da Majiyyaci Ke Komawa da Shi Gida

A Achika, kamar sauran garuruwan ƙasar Wudil, duk ciwon da ya shafi ƙasan ciki sunansa ɗaya: basir. Wanda ya ga jini a bayan gidansa basir ne. Wanda cikinsa ya ɗaure, ko ya rame babu dalili, shi ma basir. Ranar Juma'a masu magani kan yi ta shelarsa da lasifika a kasuwar Wudil. Kalma ce mai rufin asiri, shi ya sa ake son ta, amma a ƙarƙashinta ciwon dajin babban hanji kan laɓe har ya yi nisa.

Likitoci suna da hanyar riga shi. Ciwon yakan faro ne daga ɗan tsiro a bangon hanji, wanda kan ɗauki shekara 10 ko fiye kafin ya rikiɗe. Gwajin kolonoskofi, wato zura siririn bututu mai kyamara ta dubura a bi hanjin da tsawonsa ya kai mita 1.5, yana ganin tsiron, kuma a cire shi nan take. Tun 1969 likitoci biyu, Wolff da Shinya, suka fara yin sa a birnin New York. A 2021 Amurka ta sauko da shekarun fara gwajin daga 50 zuwa 45. Mu ma babu nisa sosai tsakaninmu da Kano, inda Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yake. Nisa ba shi ke hana mu ba.

Abin da ke hana mu labari ne. Wani dattijo a unguwarmu, tsohon direban babbar mota, an taɓa yi masa gwajin a wani asibiti can wata jiha, babu allura, babu bayani. Da ya dawo sai ya shaida wa majalisa cewa an hura shi kamar yadda mahauci ke hura akuya kafin fiɗa. Aka yi dariya, maganar ta zauna. Ban san mutum nawa ta hana zuwa asibiti ba, amma na san ɗaya: kawuna, ƙanen mahaifiyata, wanda ya biya mini kuɗin jami'a da cinikin hatsi. Yana da shekara 56 ya fara ganin jini, likita ya rubuta masa gwajin, ya ninke takardar ya cusa a hula.

Wannan ya sa na shiga bincike, sai na tarar dattijon bai yi ƙarya ba. Hanji a tsuke yake, dole a buɗe shi kafin kyamara ta gani, kuma iskar da ake hurawa kan tsaya a ciki tana murɗa mutum sa'o'i bayan an gama. Amma idan aka yi amfani da iskar kabon-dayoksaid, jiki na tsotse ta da sauri, a fitar da ita ta numfashi. Wasu likitocin ruwa mai ɗumi suke zubawa maimakon iska, sai lanƙwasar hanjin ta saki, bututun ya wuce salin-alin. Mafi zafin wuri shi ne inda hanjin ya naɗe a ƙasan ciki ta hagu. A nan juya majiyyaci, ko ma'aikacin jinya ya danna cikin da tafin hannu, kan rage azabar sosai. Sannan ga allurar midazolam da ke kwantar da jiki, da propofol mai sa barci har a gama. Allurar na ƙara kuɗi, tana kuma buƙatar ɗan rakiya, abin da ba kowane manomi ke iyawa ba.

Sai dai littattafan da na karanta sun fi auna zafin jiki, alhali a wurinmu kunya ta fi shi ciwo. Dattijon da ko hularsa ba ya cirewa gaban 'ya'yansa, a ce ya kwanta ya juya wa baƙo baya, wataƙila ɗalibai na tsaye? Ga mace kuwa abin ya fi haka nauyi. A ganina maganin wannan ya fi kowane araha: wando na musamman mai ƙaramar kafa ta baya, zanen rufa, rage masu kallo, namiji ga namiji da mace ga mace in hali ya yi, da minti 5 na bayani cikin Hausa kafin a taɓa mutum. Babu ɗayansu da ake saye da dala.

Da na je wa Kawu da wannan, ya daɗe yana jan carbi.

“Kai yaro, kana so a tozarta ni da furfurata?”

“Kawu, ku gafarce ni. Mu je ku ji daga bakin likitan, in bai yi muku ba mu dawo.”

“In na ce su tsaya, za su tsaya?”

Wannan ita ce tambayar da ya maimaita wa likitan a Kano, kafin ya tambayi kuɗi ma. Likitan ya ce masa ƙwarai, ya zana masa hanji a takarda, ya nuna masa inda zai ji matsi. Aka ba shi allura, aka rufe shi, cikin kusan rabin sa'a aka gama. An sami basir ɗin da gaske, an kuma sami tsiro ɗaya can sama, aka cire aka tura ɗakin gwaji. Sakamako ya nuna bai rikiɗe ba tukuna.

Na zauna a bayan majalisa daren da ya ba da nasa labarin. Bututun bai ambata ba sam. Duk ƙorafinsa a kan ruwan wankin ciki ne, lita 4 mai ɗanɗanon gishiri da aka sa shi sha, rabi da yamma rabi da asuba, har ya kwana yana zirga-zirga da buta. Tsohon direban ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambaye shi sunan allurar.