Tsohuwar Taya a Cikin Kankare

Duniya tana zubar da tayoyin mota kimanin biliyan ɗaya a kowace shekara, kuma roba ba ta ruɓewa da wuri. A garuruwanmu wasu sukan zama takalma, wasu mahauta su babbake fata da su, hayaƙin ya tafi huhun jama'a, saura kuma su tara ruwan damina sauro ya hayayyafa a ciki. Shi ya sa na daɗe ina bin sawun masu binciken da ke niƙa taya su zuba a kwaɓin siminti a madadin wani kaso na yashi ko tsakuwa.

Sakamakon farko bai yi daɗin ji ba. A 1993 Eldin da Senouci sun nuna cewa idan aka musanya tsakuwa gaba ɗaya da guntayen taya, ƙarfin kankare na jure danniya yana faɗuwa da kusan kashi 85 cikin ɗari. Dalili biyu ne. Roba tana da laushi, don haka idan nauyi ya hau, sai ta lotse ta bar wa simintin da ke kewaye da ita dukkan kayan, tamkar rami ne a wurin. Na biyun ya fi ɗaukar hankalina: roba ba ta shiri da ruwa. Siminti kuwa da ruwa yake kamawa, saboda haka a bakin kowace ƙwayar roba akan sami siririyar iyaka mai rauni da kumfar iska, kuma daga nan tsagewa take farawa.

To me ya hana a watsar da zancen? Yadda abin yake karyewa. Kankare na yau da kullum yana da taurin kai, idan ya kai iyakarsa sai ya fashe nan take. Mai roba yakan tsage a hankali, ya shanye bugu, ga shi ya fi sauƙin nauyi, yana kuma rage wucewar zafi da ƙara.

A nan ƙananan sinadaran da ake aunawa da nanomita suke shigowa. Nanomita ɗaya shi ne mita ɗaya a raba gida biliyan. Nano-silika takan cike ƙofofin da ƙwayar siminti ba ta iya shiga, sannan ta haɗu da kalsiyam haidiroksaid, wato ragowar da siminti ke bari idan ya sha ruwa, ta mayar da shi irin danƙon da ke riƙe kankare. Da haka iyakar nan mai rauni takan yi ƙwari, wani ɓangare na ƙarfin da ya ɓace ya dawo. Wani ɓangare na ce, domin babu garin da zai mayar da roba dutse. Girafin, wanda Geim da Novoselov suka ware a Mancesta a 2004, shi da danginsa sukan ɗinke tsagar tun tana ƙarama, amma suna da tsada, kuma idan ba a warwatsa su sosai ba sai su dunƙule su zama sabon rauni. Magini mai kwaɓi da shebur a ƙasa ba zai iya wannan ba.

A ganina, wurin wannan kankare shi ne daɓe, da tubalan shimfiɗa hanya, da shingen gefen titi, inda shanye bugu ya fi jure danniya muhimmanci. Ginshiƙin bene kuwa, ban yarda a kusance shi da roba ba. Ga manoman shinkafa na bakin kogin Neja akwai wata ƙofa mai araha: tokar ɓuntun shinkafa cike take da silika, kuma idan an ƙona ɓuntun da zafi daidai aka niƙa tokar da laushi, tana yin irin aikin nano-silika, ko da bai kai nata ba.