Newmarket, Garin da Ake Koya wa Doki Tsayawa

Taro ne ya kai ni Cambridge a watan Oktoba, a wajen cin abinci kuma wani ya ce mini akwai gari nan kusa inda mota ke dakatawa doki ya wuce, kuma a cikinsa akwai bargar da ba ta da aiki sai sake tarbiyyar dawakin da suka bar sukuwa. Ni da na tashi a gidan da ake ɗaure doki a turke ƙofar zaure, na san ƙamshin harawa tun ban san karatu ba, ba zan ji wannan labari in koma gida ban gani da idona ba.

Jirgin ƙasa bai yi rabin awa ba ya sauke ni a Newmarket. Na zo a kan gaɓar da ake gwanjon 'yan dukushi a Tattersalls, gidan cinikin dawakin da aka kafa tun 1766, saboda haka masaukai duk sun cika. Ɗakin da na samu a saman wata mashaya yake. Warin giya ya kama labule, tagar ba ta rufuwa, sanyi na shigowa har cikin ƙashi, ga kiɗa daga ƙasa har tsakar dare. Babu buta, sai da gorar ruwa na yi alwala. Kuɗin da aka karɓa a hannuna kuwa, da a Kano ne ya ishi mutum ya kwana a ɗakin alfarma har a kawo masa kunun gyaɗa da safe. Baƙo a wurinsu ciniki ne kawai, wannan kam ban ji daɗinsa ba.

Amma gari na wayewa na yafe. Ƙarar kofato ce ta fito da ni. Dawaki jere-jere, ashirin, talatin, kowanne da mahayinsa, suna bin hanyoyin da aka keɓe musu a cikin gari. A mararraba har an ɗaga maɓallin fitilar hanya sama yadda mahayi zai danna ba tare da ya sauka ba. Na bi su zuwa tudun Warren Hill inda ake motsa su. Wajen dawaki 3,000 ake horarwa a wannan ƙaramin gari, kuma filayen nasu ne har ƙarfe ɗaya na rana, sannan a bar mutane su shiga. Dawakin dogaye ne, siraran ƙafafu, fata na sheƙi, ba kwalliya ko ɗaya a jikinsu. Duk irinsu daga ingarmu uku ya samo asali, waɗanda aka kawo Ingila daga ƙasashen gabas shekara ɗari uku da suka wuce, ɗayansu shi ake kira Godolphin Arabian. Sunansa ne Sarkin Dubai, Shehu Muhammad bin Rashid, ya sa wa bargarsa, wadda ke da reshe a garin.

Abin da ya kawo ni yana Palace House, ragowar fadar Sarki Charles na Biyu, wanda son sukuwarsa ya ɗaga garin. An mayar da wurin gidan tarihin sukuwa, Sarauniya Elizabeth ta buɗe shi a Nuwamban 2016. A bayansa akwai tsohuwar barga da ake kira Rothschild Yard, nan ƙungiyar Retraining of Racehorses, wadda aka kafa a 2000, take nuna wa jama'a tsofaffin 'yan sukuwa da yadda ake juya su.

Na ce tsofaffi, amma yawancinsu ba su tsufa ba. Ana fara sa doki gasa yana shekara 2, da yawa kuma kafin su kai 6 an sallame su, ko don rauni a jijiya ko don gudun bai kai ba. Doki kuwa yana iya kaiwa 25 har 30. Ke nan mafi yawan rayuwarsa na gaba, ga shi bai iya komai ba sai abu ɗaya.

A bargar nan ta Rothschild Yard na daɗe a jingine da shinge. Wata budurwa ta fito da wani jan doki, ta kai shi gindin ɗan dandamalin da ake takawa a hau. Abin da take nema a wurinsa kaɗai shi ne ya tsaya. A bargar sukuwa yana tafiya ake ɗaga mahayi a jefa masa a baya, bai taɓa sanin ana jira a hau ba. Ya matsa, ta zagayo da shi, ya sake matsawa, ta sake zagayowa, ba tsawa, ba bulala. Da ya tsaya na ɗan numfashi sai ta shafa wuyansa ta ƙyale shi. Aka yi mana bayanin sauran. Ɗan sukuwa ya koyi cewa in mahayi ya ɗaure linzami, a ƙara wuta ake nufi, in ya sassauta an gama, wato wanda bai sani ba ya ja don ya tsayar da shi sai ya ga an tashi sama da shi. Bai saba da nauyin cikakken sirdi ba, bai saba jin ƙafar mutum na sauka a haƙarƙarinsa ba, domin mahayan sukuwa a tsugune suke kan gajeriyar likkafa. Bai iya lanƙwasa jiki ya yi da'ira ba, bai iya fita shi kaɗai ba tare da ayari ba. Duk wannan sai an warware masa shi zare-zare, sannan ya zama dokin folo, ko na tsallake shinge, ko na yawon daji, wasu ma a kai su wurin masu lalurar jiki ko ta zuciya.

A bakin shingen nan na haɗu da wata dattijuwa da ta ji ina ta tambaya. Da ta ji daga inda na fito, ta ce lallai in zo in ga nata. Ta ɗauke ni a tsohuwar motarta zuwa wani ƙauye bayan gari. Mama na riƙa kiranta, ta kuwa karɓa da murna. Ba ta tambaye ni ba ta soya mini ƙwai da dankali, ta ce ta san ba kowane nama nake ci ba, lokacin azahar kuma ta shimfiɗa mini tawul mai tsabta a falonta. Allah ya saka mata.

Dokinta dandaƙaƙƙe ne, bai taɓa cin gasa ba. Ta ce da ya zo, watanni ta sake shi a makiyaya ba ta ɗora masa komai ba. Ta rage masa hatsi ta ƙara ciyawa, domin yawan hatsi da zaman ɗaki na sa wa 'yan sukuwa gyambon ciki. Farkon zuwansa bai san yadda ake zama da wasu dawaki a fili ba, sai ya tsaya bakin ƙofa yana jiran a mayar da shi ɗaki. Yanzu jikarta ke hawansa. Ita ce kuma ta hana ni ɗaukar Ingila a matsayin aljannar dawaki. Ta tuna mini shirin Panorama na BBC na Yulin 2021, wanda ya nuna 'yan sukuwa a mayanka, abin da ya girgiza ƙasar. Daga Janairun 2022 hukumar sukuwar Birtaniya ta ce duk dokin da zai shiga gasa sai an rubuta a takardarsa cewa ba za a yanka shi don ci ba. Dubbai ne ke barin sukuwa kowace shekara, waɗanda suka dace da irin Mama ba su ne duka ba. Ga attajirai na zuba miliyoyi a gwanjo, ga mai kuɗin fansho na ɗaukar nauyin abin da suka yar. Wannan bai yi mini tsari ba, na kuma faɗa mata.

Ta tambaye ni namu. Na ba ta labarin hawan Daushe da na Nasarawa, da yadda UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin gadon duniya a 2024, da folon Katsina tun zamanin Sarki Dikko da Nagogo. Na ce mata dokinmu a cikin mutane yake tashi, yara na wucewa ta ƙarƙashin wuyansa. Yana tsaye a tsakiyar kakaki da tambura da harbin 'yan bindiga ko gezau, abin da zai sa dokin Warren Hill ya tsallake katanga. A wajen jafi kuwa ya taho a guje ya ci birki gaban Sarki. Tsayawar da suke wata da watanni suna nema, namu ya iya ta tun yana matashi, kuma na faɗi haka da alfahari.

Sai dai na san da me ake sayen wannan tsayawa. Na sha ganin kumfar bakin doki ta koma ja bayan hawa saboda ƙarfen linzaminmu, na ga gefen ciki da kaimi ya fasa, na ga gyambon da sirdi ya bari ƙarƙashin kayan ado. Na kuma san inda da yawa ke ƙarewa in ƙafa ta gaza: a kai kasuwa, a loda a mota zuwa kudu. Akwai gidajen da ke riƙe tsohon doki har ya mutu a turkensa, ana ba shi dusa da kanwa, kakana na cikinsu, amma wannan halin mutum ɗaya ne, babu wani tsari da ya tilasta shi. Masu sukuwa da folo a Kano da Kaduna da Katsina da Zariya ba su rasa filin da za a saki dokin da ya gama aiki ba, ba su kuma rasa kuɗin harawarsa ba. Addininmu ma ya riga kowace ƙungiya hana azabtar da dabba.

Washegari na leƙa gwanjon. Har yau da gini suke kiran farashi, tsohon kuɗin da ya yi daidai da fam ɗaya da sule ɗaya. Na ga an zagaya da 'yan dukushi ana ɗaga hannu, na ɗan zauna, sanyi ya kore ni. Na wuce ta filin Rowley Mile, ba a sukuwa ranar, sai na nufi tasha na kama jirgin Cambridge.