Stelbiyo: Hanyar Da Ake Hawa Da Babur Don Nishaɗi

Uwargida, a wajenmu babur na neman abinci ne, ko na kai yara makaranta. To, a arewacin Italiya akwai wata hanya mai suna Stelbiyo, wadda mutane ke niƙo gari tun daga Jamus da Ingila don kawai su hau ta da babur.

Daular Ostiriya ce ta gina ta daga 1820 zuwa 1825, ta haura tsaunukan Alf har tsayin mita 2,757. Ta ɓangare ɗaya kaɗai kwana 48 ne, kowace da lambarta, kuma kowace sai babur ya juya gaba ɗaya, ga rami a gefe. Dusar ƙanƙara kan rufe hanyar wajen Nuwamba, sai kusan ƙarshen Mayu a buɗe. Shi ya sa da zafi ya shigo za ki ga miji ya goyo matarsa, suna hawa sannu a hankali.

Amma ki lura da shigarsu: hular kwano, safar hannu da riga mai kauri. Hular dai doka ce, har ga wadda aka goya. Yaron da bai kai shekara 5 ba kuwa an hana ɗaukarsa sam, balle a ɗora shi kan tanki yadda Abban yara ke yi wa auta.